Sunan da na rubuta a shafin ƙarshe

Mako mai zuwa zan miƙa mabuɗin ofishin da muke rabawa mu huɗu, in bar sashen tarihi bayan shekara shida. Ƙannena masu shirin fita binciken baka sun nemi in rubuta musu abin da na koya kafin in tafi. Na san suna jiran jerin shawarwari ne. Za su samu kaɗan a ƙasa, amma sai sun fara jin labarin Iya.

Abin da ya kai ni ga batun bauta tun farko wani giɓi ne da na daɗe ina gani a karatunmu. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933 zuwa 1934, muna kuka ne saboda ɗan halas, ɗan Musulmi, da aka raba da uwarsa, da kuma uwar da ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu saye da sayarwa. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta buga labarinta a 1954, ta yi bayanin rinji, wato ƙauyen bayi masu noma, dalla-dalla, amma daga ɓangaren masu rinjin take magana, domin danginta ne ke da bayin. A ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna kuwa na yi wata uku ina bin rahotannin Turawa da shari'o'in fansa: sunan baiwa, sunan ubangijinta, kuɗin da aka biya, shi ke nan. Ba inda ta buɗe baki. Na ƙudurta sai na samo muryar waɗanda suka yi noman gandun da kansu, ko ta jikokinsu.

Na same ta a wani ƙauye da asalinsa rinji ne. Iya ta haura tamanin a lokacin. Sau biyar ina zuwa muna hirar kaɗi da saƙa da yunwar da aka yi tana yarinya, ba ta taɓa kusantar zancen ba. A zuwa na shida, bayan la'asar, jikokinta sun fita, ta ce, "'Yar nan, matso." Ta ba ni labarin kakarta, wadda aka ɗauke tana ƙarama a bakin rafi a can kudu, aka sayar da ita sau biyu kafin ta iso wannan rinjin. Ta faɗa mini yadda bayi ke yi wa ubangida aiki daga safe zuwa azahar sannan su koma nasu ɗan gayauna, da yadda wasu maza suka shiga murgu suna biyan wuri don a bar su su nemi na kansu. Kakarta wani ne ya fanshe ta a gaban alƙali ya aure ta. Mahaifiyar Iya an haife ta bayan zuwan Turawa, wato a dokar Gwamna Lugga, wadda ta ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne, ba ta taɓa zama baiwa ba ko na yini ɗaya. Amma har ta koma ga Allah, in aka yi faɗa a bakin rijiya, da cucanawa, wato 'ya'yan bayi, ake yi mata gori.

Da ta gama ta ce, "Wannan tsakanina da ke ne." Na ce to. Rikodata tana kunne, ta kuma san tana kunne, sai na ba kaina uzuri da wannan.

A babin da na fara miƙawa na rubuta "wata dattijuwa". Malamin da ke duba aikina ya zagaye shi da jan biro. Ya ce, "Wace ce? Tarihi kike rubutawa ko tatsuniya? Suna, shekaru, sana'a, gari, ranar hira. In ba haka ba mai jarrabawa na waje zai ce ƙirƙira kika yi." Na ce, "Ranka ya daɗe, amana ta ba ni." Ya ce, "Wa zai karanta wannan a ƙauyensu?" Na yi shekara uku a kan aikin, kuɗin makaranta na neman ƙarewa, ga shi kowa ya san in ya ƙi sa hannu sai ka ƙara shekara. Na koma ɗaki na rubuta cikakken sunanta da na unguwarsu a jerin waɗanda aka yi hira da su. Hannuna ne ya rubuta, ba zan ɗora wa kowa wannan ba.

Bayan shekara ɗaya da rabi wani ɗalibi ɗan yankin, mai neman abin da zai kwafa don aikinsa na kammala digiri, ya ci karo da kundin a laburaren sashe. Ya ɗauki hoton shafi uku da wayarsa. Kafin sati ya zagayo, hoton ya shiga WhatsApp na 'yan ƙauyen, daga nan ya isa gidan mutanen da suka riga suka kawo kuɗin gaisuwar jikar Iya, aka sa rana. Suka aiko cewa sun yi istihara, abin bai kwanta musu ba.

Abin da ban gane ba sai a lokacin shi ne, babu dattijon da bai san asalin kowane gida a ƙauyen nan ba. An sani, an kuma yi shiru da gangan, kuma a cikin wannan shirun aka yi ta auratayya shekara da shekaru har gidajen suka cakuɗe. Zancen baki ana iya musa shi, a ce ai tsufa ne. Takarda mai tambarin jami'a ba ta musuwa. A aji muna koya wa yara cewa an soke bauta kwata-kwata a Arewa a 1936, mu rufe littafi. Ga shi kuwa a Nijar sai 2003 aka mayar da ita laifi a dokar ƙasa, kuma a 2008 kotun ECOWAS ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12. Na san waɗannan duka, na ma rubuta su a gabatarwar kundina. Ban dai taɓa haɗa su da binciken asali da ake yi a gidajenmu kafin aure ba, alhali a gidanmu ma ana yi.

Na koma ƙauyen. Iya ta amsa sallamata, ba ta shimfiɗa mini tabarma ba. Na durƙusa na ba ta haƙuri, ina kuka. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Kin dai samu takardar taki?" Na ce na samu. Ta ce, "To, alhamdu lillahi." Ta juya ta ci gaba da tsince wakenta.

Da na kai wa malamina labarin, cewa ya yi, "Ke kika yi hirar, ke ya kamata ki karɓi izini a rubuce." Bayan wata biyar na zauna a wani taro ina jin sa yana kawo labarin kakar Iya a maƙalarsa, yana cewa "wata majiya da muka sakaya sunanta". Aka tafa masa. Ina gaishe shi har yau, don malami ne, amma ban sake shiga ofishinsa ni kaɗai ba.

Sauran shawarwarin gajeru ne. Ku fara gaida mai gari, amma kada ku yi hirar asali a zaurensa. Kada ku tambayi mutum ko kakansa bawa ne; ku tambaye shi wa ya fara sare dajin gonarsu. Ku karanta ajami da kanku, kada ku dogara da tafinta. In aka ce muku "tsakanina da kai", ku kashe rikoda nan take. In malami ya ce sai suna, ku nemi a ajiye sunayen a rufaffiyar ambulan wurin shugaban sashe, mai jarrabawa ya duba a can. Yanzu an yarda da haka a sashenmu. Wata takwas na yi ina rubuta takardun koke kafin a yarda, kuma a cikin wannan lokacin ne aka ba ni izinin cire shafin daga kwafi huɗun da aka ɗinke.

Iya ta rasu bara. Jikarta ta yi aure a wani garin, tana da ɗa. Bayan sadakar arba'in ta kira ni, karon farko, ta ce ta ji akwai muryar kakarsu a wurina. A ƙarshen hirar nan Iya ta rera wata 'yar waƙar lallashin yaro da ta gada daga kakarta, baiti biyu, cikin harshen da ita ma ba ta san sunansa ba. Na kunna wa Gwarawa da Kadara da Bajju a jami'a, babu wanda ya gane ta. Na kai wa jikar katin rikodar da hannuna, ban ajiye kwafi ba.