Saƙon godiya bayan gasar kacici-kacici ta talabijin

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillah an kammala gasa, an nuna zagayen ƙarshe a talabijin, kuma cikin ikon Allah na zo ta biyu. Tun daga daren nan wayata ba ta huta ba, kira da saƙonni har daga mutanen da rabona da su tun muna sakandare, wallahi na yi iya ƙoƙarina in amsa wa kowa ɗaya bayan ɗaya amma abin ya fi ƙarfina, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta a wuri guda. Wanda ya ga shiru dan Allah ya yi min uzuri, na ga saƙon kuma ya faranta min rai.

Kowa sai ce min yake kai, Allah ya ba ki ƙwaƙwalwa. Na gode sosai, amma ni da na tsaya a gaban kyamarorin nan na san abin da ya faru. Kusan duk tambayar da na ci, kafin in buɗe baki sai na ji muryar wanda ya taɓa gaya min amsar tana dawo min. To su nake so in ambata yau, ko da ba da sunayensu ba, sun san kansu.

Na farko Babanmu, Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. Tun muna yara in ya gama jin labaran duniya a rediyo sai ya juyo ya ce to, ƙasar nan da aka ambata yanzu ina ne babban birninta? In ba ka sani ba ba zai yi faɗa ba, zai gaya maka ne har da dalili. A bakinsa na fara jin cewa Istanbul ya fi girma da suna amma Ankara ce hedikwatar Turkiyya tun 1923. A zagaye na farko aka tambaye mu ƙasa ta ƙarshe da ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya, ban ma tsaya tunani ba na danna na ce Sudan ta Kudu, domin na tuna yadda Baba ya bi labarin nan a 2011 tun daga ƙuri'ar raba gardama a watan Janairu har ranar 9 ga Yuli da aka ɗaga tuta a Juba, kuma shi ya ce mana ga shi nan, mambobin majalisar sun zama 193. Baba, makin nan naku ne, ni dai bakina aka ara.

Sai malaminmu na labarin ƙasa a sakandare, Allah ya jiƙansa ya kai haske kabarinsa. Wallahi da na tuna ba ya raye balle ya kalli shirin sai da hawaye ya zo min. Malam ba ya yarda ka haddace abu ba ka san me ya sa ba, in ka ba shi amsa daidai sai ya ce na ji, to don me? A lokacin muna ganin takura ce. Tambayar da ta kai ni zagayen kusa da na ƙarshe ita ce wace duniya ce ta fi zafi a cikin masu kewaya rana. Wanda ya riga ni dannawa ya ce Makyuri, kuma duk mai hankali haka zai fara zato tunda ita ta fi kusa da rana, aka ce ba haka ba ne aka miƙo min. Na ce Zahra, wato Benus. Mai gabatarwa ya ce kin tabbata? Na ce na tabbata. Abin da ya ba ni ƙarfin guiwa ba hadda ba ce, bayanin Malam ne na ranar da ya ce mu tuna motar da aka rufe gilasanta aka bar ta a rana, zafi ya shiga ya rasa hanyar fita. Ya ce haka Zahra take, iska mai kauri ta kabon dayoksaid ta lulluɓe ta tana riƙe zafi har ya haura digiri 460, ita kuwa Makyuri kusan ba ta da iskar da za ta riƙe komai, da dare ya yi sai sanyi mai tsanani. Shekara da shekaru ban buɗe littafin nan ba amma bayanin yana nan daram.

Haka ma da aka zo kan kogin Nilu, a wane birni Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu. Khartum. Ina iya ganin Malam a gaban allo da alli a hannu yana jan layi biyu, ɗaya daga wajen tafkin Biktoriya ɗaya daga tafkin Tana na Habasha, ya haɗa su ya miƙe da su arewa har Bahar Rum, wani ɗan ajinmu ya ce Malam ya za a yi ruwa ya hau sama? Ya ce ruwa bai san arewa ko kudu ba, gangare kawai ya sani. Duk wanda ya karanta wannan dan Allah ya sa shi a addu'a, da iyalansa da ya bari.

Maigidana kuma ban san ta inda zan fara ba. Shi ya ga sanarwar gasar, shi ya matsa min in cike fom lokacin da nake ta cewa ni ba zan iya tsayawa gaban jama'a ba. Da dare in yara sun yi barci sai ya ɗauko waya ya saita agogo, ya karanto tambaya, in daƙiƙa goma ta wuce ya ce lokaci ya ƙare ko da amsar tana kan harshena, ba sani ba sabo. Na sha yin fushi, ya ce ki yi haƙuri, can ma ba za su jira ki ba. Kuma gaskiyarsa ce. Shi ya haɗa min jerin ƙasashen da babban birninsu ba shi ne garin da ya fi shahara ba, Kanbera a Ostareliya ba Sidni ba, Brasiliya a Brazil tun 1960 ba Riyo ba, Ottawa a Kanada, kuma Kanbera ta fito a gasar. Allah ya saka maka da alheri, ya bar mu tare.

Ƙanina autanmu, wanda kullum ake masa faɗan ƙwallo ta cinye masa lokaci, to yau ƙwallon ta yi rana. Ni fannin wasanni shi ne inda na fi jin tsoro, sai ya zaunar da ni ya ce Yaya, ki riƙe waɗannan kawai: kofin duniya na farko 1930 a Uruguay, su suka ci, sun doke Ajantina 4 da 2 a wasan ƙarshe, Brazil ta ɗauka sau biyar, Maroko ce ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Katar 2022. Da tambayar 1930 ta fito an ce min tsalle ya yi a gaban talabijin yana ihu tawa ce, tawa ce. Taka ce kam auta, na gode.

Ƙawata ma'aikaciyar jinya ita ma ta sha saƙon murya da tsakar dare tana bakin aiki. Ita ta gaya min ƙasusuwan babban mutum 206 ne amma jariri ya fi haka yawa saboda wasu suna haɗewa yayin da yake girma, kuma mafi ƙanƙanta a cikin kunne yake. Ita ta ba ni labarin yadda Alexander Fleming ya gano fenisilin a 1928, da Marie Curie da ta karɓi kyautar Nobel sau biyu a fanni biyu daban, 1903 da 1911. Allah ya bar zumunci.

Yanzu ma'aikatan gidan talabijin. Wanda ke kallo daga gida ba zai san yadda sitidiyo yake ba, fitilu suna dukan fuskarka ba ka ganin masu kallo sai duhu, agogo yana ƙirga daƙiƙa a babban allo, tafin hannuna ya jiƙe da gumi har ina tsoron yatsana zai zame daga kan madannin ƙararrawa. Baiwar Allahn da ta maƙala min makirufo ta ga jikina yana rawa, ta riƙe hannuna ta ce Anti, kar ki kalli jar fitilar kyamara, ki kalli mai tambaya kamar ku biyu ne kawai a ɗakin. Maganar nan ta taimake ni fiye da yadda take tsammani. Ban samu ganinta ba bayan an tashi, in wani ya san ta ya isar min da godiyata.

Akwai kuma abin da ba a nuna ba wanda ya ƙara min ganin girmansu. An tambayi wani ɗan takara tsayin dutsen Everest ya ce mita 8,848, katin mai gabatarwa kuma 8,849 ke rubuce. Maimakon a wuce sai alƙalan suka dakatar da ɗauka, suka koma suka bincika, suka dawo suka yi mana bayani cewa 8,848 shi ne adadin da aka daɗe ana koyarwa, a 2020 ne Nepal da Chaina suka sanar da sabon awo na 8,848.86, don haka aka ba shi makinsa. Makin nan ya rage tazarar da ke tsakanina da shi amma wallahi na ji daɗi, domin daga nan hankalina ya kwanta na san duk wanda ya ci da gaskiya ya ci.

Shi kuma bawan Allahn da ya zo na ɗaya ina taya shi murna da zuciya ɗaya. Mun je tambayar ƙarshe maki kunnen doki, aka ce wane tafki ne ya fi kowanne zurfi a duniya, ya riga ni dannawa ya ce Baikal a Rasha, har ya ƙara da cewa zurfinsa ya haura mita 1,600. Ya cancanta. Kuma a ɗakin jira shi ne yake tara mu mu yi ta yi wa juna tambayoyi don tsoro ya ragu, bai ɓoye abin da ya sani ba alhali ya san da mu zai kara. Haka wata ƙanwata da aka cire tun zagaye na biyu, maimakon ta tafi da ɓacin rai sai ta miƙo min littafinta na rubutu ta ce Anti ki duba, ƙila ya yi miki amfani. A ciki na ga 1869, shekarar da aka buɗe mashigin Suwez, kuma ta fito.

Wasu sun ce min wai me amfanin tara irin wannan sani tunda komai yana waya. Ni dai ban yarda ba, wanda bai san komai ba bai ma san me zai bincika ba, kuma in an gaya masa ƙarya ba zai gane ba. Iyaye da yawa sun rubuto cewa yaransu sun zauna sun kalli shirin suna rige-rigen amsa, wata ta ce ɗanta ya sa ta nemo masa taswirar duniya, wannan saƙon ya fi min kyautar da aka ba ni daɗi.

Umma da ta yi ta addu'a ba dare ba rana, surukaina da suka riƙe min yara, abokan aikina da suka karɓi aikina ranakun ɗauka, Allah ya biya ku da mafificin alheri. Masu tambayar littattafan da na yi shiri da su kuma, ku ɗan ba ni lokaci in tattara in ɗauki hotonsu, zan tura wa duk wanda ya nema in sha Allah.