Baƙunta a cikin garinku

Yawanci ana ɗauka cewa wanda ya baro garinsu da akwati shi ya fi shan wahalar sabo a shekarar farko ta jami'a. Abin da na gani a Jami'ar Bayero ta Kano daban ne. Mu 'yan gari, masu kwana a gaban iyayenmu, mu muka fi daɗewa muna baƙunta.

Ɗalibar da ta zo daga Yola ko Lokoja ba ta da zaɓi. A hostal za ta kwana, da 'yan ɗakinsu za ta ɗebo ruwa, a risho ɗaya za su dafa garau-garau su ci a faranti ɗaya. Kafin wata ya zagayo ta san mai kwana sallar dare, ta san mai kuka idan ta gama waya da gida. Ni kuwa daga Kurna nake hawa adaidaita sahu zuwa Kabuga inda tsohuwar jami'a take, malami na fita in rataya jaka. La'asar na yi Umma za ta kira: "Kin taso kuwa? Kada magariba ta yi miki a hanya." Ƙawayen Islamiyya da na sakandare suna nan a unguwa, ban ji ƙishin sababbi ba.

Sai dai a jami'a rabin karatu a bakin mutane yake. Dandalin WhatsApp na aji zai gaya miki an ɗage lakca, ko an mayar da ita sabuwar jami'a da ke hanyar Gwarzo. Ba zai gaya miki wacce ke da tsofaffin takardun jarrabawa ba, ko wane ɗan aji uku ne ke yi wa sababbi bita da yamma kyauta. Waɗannan sai a zaune ake jin su, a tsakanin lakcar safe da ta rana, ko a masallaci bayan azahar lokacin da kowa ya miƙe ƙafa.

A irin wannan zaman ne wata 'yar aji uku ta tambaye ni inda za ta gyara wayarta. Na ce, "Yaya, ai sai Farm Centre, bari in raka ki." Daga nan na gane ina riƙe da abin da 'yan hostal ba su da shi, wato garin kansa. Na san layin da atamfa ta fi sauƙi a Kantin Kwari, na san yadda ake ciniki a Kasuwar Rimi ba a yi wa mutum tsadar baƙo ba. Da azumi ya kama, Umma ta riƙa cika kula da dambu da ƙosai ina kai musu su yi buɗa-baki. Da Sallah, biyu da ba su samu tafiya gida ba a ɗakina suka kwana, muka je kallon Hawan Daushe tare. Ɗayarsu Bayarabiya ce, har yau Umma "'yata" take ce mata. Su kuma suka ja ni cikin rukunin karatunsu, kuma a kan gadonsu nake kishingiɗa idan akwai tazara tsakanin lakcoci.

Tun 1977 Bayero cikakkiyar jami'ar tarayya ce, ɗalibai na zuwa mata daga kowace kusurwa ta ƙasar nan. Abin takaici ne a ce yarinya ta yi shekara huɗu a cikin wannan taro ba ta san kowa ba sai wadda suke hawa adaidaita tare. Na fahimci tsoron iyaye, kuma ba na raina shi. Mu dai da Umma sulhu muka yi: ranakun bita ina zama har biyar da rabi, yayana ya biyo ya ɗauke ni idan ya taso daga kasuwa.