Inuwar ƙarƙashin kamiyo

Shekara huɗu ke nan ina aikin shantiye, tun ina lebura mai ɗaukar bulo har na zama yaron direban katafila, kuma wallahi abin da na fi tsoro a aikin nan inuwa ce.

Wanda ya san Maraɗi a watan Afrilu ya gane nufina. Zafi ya haura digiri 40, inda muke zuba jar ƙasa can wajen hanyar Madarunfa ko bishiya ɗaya babu, to da an ce a huta kowa sai ya lallaɓa ƙarƙashin kamiyo ko gindin katafila ya shimfiɗa kwali, ni ma na sha yi, har barci mai daɗi.

Ranar da abin ya faru wani yaro ɗan ci-rani ne ya kwanta bayan taya, tayar da ta kusan kai tsawon mutum. Direba ya dawo daga azahar ya tada inji ya sa baya, daga sama can ba ya ganin abin da ke ƙasa dab da shi, ƙararrawar nan mai tit-tit kuma ta yi sati uku a mace, kullum shef sai ya ce gobe. Ihunmu ma ƙarar inji ta shanye. Takalmin robansa ni na ɗauko, ya baje kamar an goge shi da dutsen guga. A adaidaita muka kai shi asibiti, ƙafar ba ta gyaru ba, daga gwiwa aka yanke.

Sai ga batun kuɗi. Ashe CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata na Nijar, na biyan magani da diyyar haɗarin aiki, amma sai in patron ya rubuta ka, mu kuwa kullum-ta-Allah ake sallamarmu da yamma, ba sunan kowa a takarda. Jika-jika muka tara mashi.

Maigidana na yanzu tsoho ne mai faɗa. Ba ya barina in taɓa makulli sai na zagaye mota na leƙa ƙarƙashi na yi oda sau biyu, kuma in za mu sauka dole bokitin katafilar ya dire ƙasa, don tiyon mai na iya fashewa ya sako shi a kan mutum. "Kai ɗana, bokiti ba rumfa ba ne," haka yake cewa. Da farko ina ganin ɓata lokaci ne.

Shekaranjiya na leƙa sai ga wata yarinya mai tallan fura ta jingina da tayar baya tana gyangyaɗi, ƙwaryarta a cinya. Na tashe ta, har tana hararata.