Sarin da na raina saboda kaushinsa

Shekara biyu na yi a Delhi, lokacin da maigidana yake karatu a can, kuma sai da na kusa cika shekara guda kafin na yi ƙarfin halin sayen sari. Abin da ya ja ni shi ne abin da nake gani kullum a jirgin ƙasa na cikin gari: malaman makaranta da ma'aikatan ofis sanye da wani irin sari mai launin zuma, an buga masa furanni ko ganye, ba ya ƙyalli mai kashe ido, kuma tattararsa a tsaye take cak har yamma. Da na tambaya aka ce ɗanyen siliki ne.

Na shiga wani shago ni kaɗai. Mai shagon ya fara shimfiɗa mini wani, na shafa na ji kaushi, ga ƙulle-ƙullen zare nan da can, har wani fure ya ɗan goce daga layin 'yan'uwansa. Na ture shi, a raina na ce rainin wayo ne, an ga baƙuwa. Na zaɓi wani mai santsi sumul, zanensa daidai wa daida, kuma kuɗinsa bai kai rabin na farkon ba.

Maƙwabciyata, wata dattijuwa 'yar jihar Bihar da nake kira Anti, ita ta buɗe mini ido. Ta zare zare ɗaya daga gefen sarin, ta kunna ashana. Zaren ya narke, ya dunƙule ya yi tauri, yana warin leda.

"'Yata, wannan roba ce," in ji ta.

Sai ta ɗauko nata, ta ƙona zare ɗaya. Ya yi ƙaurin gashi, tokar ta murmushe tsakanin yatsunta. Ranar na zauna a ɗakinta har la'asar tana yi mini bayani.

Yawancin irin wannan sari da siliki mai suna tasar ake saƙa shi. Tsutsarsa ba a gida ake kiwonta da ganyen mulberi ba, a daji take, a kan itatuwa irin su arjun da asan, kuma jihar Jharkhand ce kan gaba wajen samar da shi. Garin Bhagalpur na Bihar ya yi suna da saƙarsa har ana masa laƙabi da birnin siliki. Zaren ba ya fita da kauri ɗaya, shi ya sa ƙulle-ƙullen. Launin zumar nan ma nasa ne na halitta, don haka duk rinin da ya hau kansa sai ya yi sanyi, ja ya koma kamar na ƙasa, shuɗi ya yi duhu mai kwantar da rai. Zanen kuwa, in na hannu ne, da hatimin katako ake buga shi, kowane launi da hatiminsa, mutum na bin tsawon mita biyar da rabi yana dangwalawa ɗaya bayan ɗaya. Yaya za a yi fure ɗaya bai goce ba? Abin da na ɗauka aibi ashe sawun hannun mai aikin ne.

Nan kuma na gane dalilin farin jininsa. Sarin Banaras ko na Kanchipuram, wanda ake saƙa adonsa da zaren zinari, yana da nauyi da tsada, sai biki. Wannan kuwa bugawa aka yi, ba shi da nauyi, iska na ratsa shi, mace mai albashi za ta iya mallakar uku ko huɗu, ta je aiki da shi, ta wuce gidan suna ba ta sauya ba.

Na biyu a Dilli Haat na saya, kasuwar da masu sana'ar hannu daga jihohi daban-daban suke zuwa suna karɓa-karɓar rumfuna. Wannan karon na nemi tambarin Silk Mark, shaidar da aka fito da ita a 2004 don tabbatar da siliki tsantsa, na kuma juya bayan ƙyallen na ga yadda rinin ya ratsa. Kula da shi ma sai da na koya: ba a jiƙa shi a omo, ba a matsewa, ba a shanya shi a rana, guga ta baya da wuta kaɗan, turare kuma a jiki ake fesawa kafin a sa, don yana barin tabo. A ƙyallen auduga nake naɗe shi, kuma nakan sauya ninkin lokaci-lokaci don kada ya tsage a kan layi.

Da muka dawo Kano na yafa shi kamar laffaya na je gaida Inna. Ta kama gefen ta murza, ta daɗe shiru, sannan ta aika a buɗe tsohuwar adakar Baba. Aka fito da rigarsa ta tsamiya, wadda zarenta shi ma daga tsutsar daji yake. Ta ɗora su gefe da gefe a cinyarta, ta ce in kawo hannuna in ji.