Abin da bangon Gidan Makama ya koya mini

Lokacin da na ɗauki aniyar rubuta wa ɗalibaina tarihin Gidan Makama da ke birnin Kano, na zaci aiki ne na kwana biyu. Na riga na san cewa a ƙarni na 15 aka gina shi domin Muhammadu Rumfa, yana riƙe da sarautar Makama, kafin ya hau gadon sarautar Kano a 1463 ya kuma gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa.

Kuskurena na farko shi ne na shiga zaure ina neman bangon da zan nuna wa yara in ce musu wannan ƙasar ce aka kwaɓa tun zamanin Rumfa. Wani dattijon magini da na tarar yana duba tsagar da damina ta bari ya yi murmushi, ya ce mini ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da yaɓe. Ya ɗaga hannu ya nuna mini azarar da ke rufin da yadda bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke tallafe rufi, ya ɗauke nauyinta, sannan ya bayyana mini cewa tubali da makuba, wato abin shafen bango da ake yi da ɓawon ɗorawa, ana sabunta su ne a kai a kai, gwargwadon ɓarnar ruwa. Ashe tsarin gidan da mazauninsa ne suka daɗe, ƙasar kuwa ta sha hannun magina iri-iri.

Daga nan na sauya tambayata, na koma bin sawun waɗanda suka zauna a cikinsa. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, jami'ansu sun yi ofis a gidan na ɗan lokaci. Daga baya aka raba shi uku: wani sashe ya ci gaba da zama gidan Makama, wani ya koma makarantar firamare, na ukun kuma ya zama gidan adana kayan tarihi a ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta Najeriya.

Wannan rabon, wanda da farko na ɗauka tawaya ce ga martabar gidan, shi ne a ganina ya tsare shi daga zama kango, domin ɗakin da ake shiga kullum ba a barin rufinsa ya yi yoyo. Da na kawo ɗaliban, sai na fara tsayar da su a gaban bangon da aka yi wa sabon yaɓe, kafin mu wuce wurin ƙyauren ƙarfen tsofaffin ƙofofin gari.