Sunan da muke kiranta da shi a gida

Har yau idan hadari ya haɗu a Accra sai gabana ya faɗi. Daren Laraba, 3 ga Yunin 2015, ruwa ya cika kogin Odaw ya malala, gidan man da ke shataletalen Kwame Nkrumah Circle ya kama da wuta, mutum sama da 150 suka rasu. 'Yar ƙanwata tana tallan ruwan leda a wajen, kuma ba ta dawo unguwarmu ta Nima ba.

Da asuba na fita da hotonta a waya. Na je asibitin sojoji na 37, na je na Ridge, na je na Korle Bu, ko'ina layin iyaye ne masu jajayen idanu. Kuskuren da na yi, wanda har gobe yake ci mini rai, shi ne suna. Yarinyar ta ci sunan mahaifiyarmu, don haka a gida ba mai kama sunanta, Inna ƙarama kawai muke ce mata. Da aka ce in faɗi cikakken suna, sai na haɗa nata da na kakanmu, kamar yadda aka san gidanmu a Zango. Ashe ita sunan da ke katinta na inshorar lafiya ta bayar, mai ɗauke da sunan ubanta. An duba takarda, an ce babu. Hoton ma bai amfane ni ba, domin na sallar bara ne, ta sha kwalliya, ita kuwa tana kwance kai a naɗe da bandeji.

Kwana biyu! Har ɗakin ajiye gawa na shiga, alhali tana ɗaya daga cikin asibitocin da na fara takawa. Uwarta ta daina cin abinci, maƙwabta sun fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Limamin unguwarmu ne ya ce, "Malam, ka koma da katinta a hannu." Na koma ranar Juma'a. Nas ɗin ba ta yi minti biyar tana dubawa ba. Ina shiga na ji wata 'yar murya: "Kawu, ina kuka shiga?" Ban iya amsa mata ba.

Idan naka ya ɓata a irin wannan rana, kada ka fita sai da katinsa. Faɗi duk sunayensa, na makaranta, na kati, na gida. Ambaci tabo ko wushirya, ka bar lambarka wurin 'yan NADMO, hukumar agajin gaggawa ta Ghana, da Red Cross, kuma a bar mutum ɗaya a gida. Yanzu kowane yaro a gidanmu ya haddace lambata, katunansu kuma suna cikin leda a saman kabad, inda ruwa bai taɓa kaiwa ba.