Kwalkwalin da ya tsayar da ni a Santambul

Kwanana uku a Santambul na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tashar Osmanbey, na taka da ƙafa har Gidan Tarihin Soja da ke unguwar Harbiye. Ginin tsohuwar makarantar horar da hafsoshi ce, inda Mustafa Kamal Ataturk, wanda ya kafa Jamhuriyar Turkiyya, ya yi karatu. Niyyata in ga sarƙar da Rumawa suka gitta a mashigin ruwan birnin a 1453 don tare jiragen Daular Usmaniyya, in kama gabana. Sarƙar kam na gan ta, amma ɗakin kwalkwali da sulke ne ya cinye mini wuni.

Wanda ya fara tsayar da ni wani ƙato ne na ƙarni na 15, mai ciki kamar tulu da tsini a ka. Ana cewa an ba shi wannan faɗin ne don mayaƙi ya kifa shi a kan rawaninsa, kuma makerin ya murɗa jikin ƙarfen layi-layi kamar naɗi. An yanke masa gurbin idanu biyu, ga sandar ƙarfe mai sauka ta kare hanci, ga inda ake rataya sulken da ke rufe wuya. Rubutun Larabci na azurfa ya kewaye shi, kirari da fatan nasara ga sarki. Na daɗe ina tunanin mutumin da ya zauna gaban zugazugi yana bugun wannan ƙarfe har ya yi laushin ƙyalle a ido. Sunan makeri da wuya ka gan shi a jikin irin waɗannan, kuma abin ya taɓa mini zuciya.

Na lura da wani ɗan tambari da aka buga a kan wasu. Alamar rumbun makaman Aya Irini ce, cocin da Daular Usmaniyya ta mayar ma'ajiya bayan cin birnin. Kayan ganima ma can ake kai su a wancan zamani. Irin wannan kwalkwali mayaƙan Uzun Hasan ma sun sa, wato sarkin Turkumawa wanda Sarkin Usmaniyya Muhammadu Alfatih ya ci da yaƙi a Otlukbeli a 1473.

Na Farisa kuwa, wanda suke kira kulah khud, ƙarami ne kamar kwano, da tsini mai kama da kan mashi da 'yan bututu biyu na soka gashin tsuntsu. Wannan ƙira ta bazu har Indiya. Ganinsa ya tuna mini da 'yan lifidi da 'yan sulke a hawan daushe a Kano, gashin jimina na kaɗawa a kansu.

Ƙarfe uku na yamma na ji ganguna da algaitun Mehter, makaɗan yaƙin Usmaniyya, sun tashi a wani zaure. Mutane suka yi can. Na bi su, amma da aka tashi sai na koma wajen mai naɗin nan, na sake bin rubutun azurfarsa harafi harafi har mai gadi ya fara kashe fitilu.